Ranar da Baba Nes Bai Kira Ba

Turancin da ya sani bai cika cokali ba, amma da shi ya ci abinci shekara talatin da ɗoriya. Kalma ɗaya ce jarinsa. Masu boko suna rubuta ta next, shi kuwa tun ranar farko harshensa ya rage mata kaya ta koma "nes", kuma a haka ta zauna. Aikinsa tsayuwa a ƙofar likitan ido, can ƙarshen wata doguwar baranda a babban asibiti. In wanda ke ciki ya fito, sai ya tokare ƙofa da kafaɗa, ya juyo wajen benci ya ce, "Nes." Mai bi ya tashi, sauran su matsa. Da haka sunansa na gaskiya ya ɓace. Nas-nas, masu shara, direbobin motar asibiti, kowa Baba Nes yake ce masa, har maƙwabtansa na unguwa suka ɗauka.

Wata tsohuwar nas ce ta koya masa, lokacin yana saurayi mai share barandar. Mai ƙofa na wancan zamani ya kwanta ciwo, ta jawo shi da tsintsiyarsa a hannu ta tsayar a wurin. Ta ce, "In wannan ya fito ka ce nes. Ma'anarsa mai bi. Kada ka ƙara komai, kada ka rage." Mai ƙofar bai tashi ba, shi kuma ba a ce ya koma shara ba.

Sai daga baya ya gane kalmar tana da 'ya'ya, kuma ba duka ne 'ya'yan kirki ba. A bakinsa ƙofa take buɗewa. A bakin mutanen ofis kuwa ba abin da ta fi iyawa kamar sallamar mutum. In sun ce maka nes wik, mako mai zuwa ke nan, ka tafi gida. In sun ce nes dowa, ƙofa ta gaba suke nufi, wato ka kai matsalarka wani wuri. Nes taim ba shi da rana ko wata, ta'aziyya ce kawai. Shi kansa ya sha nes yiya, wato sai baɗi, a kan maganar ƙarin girma, duk shekara, har ya daina tambaya, su ma suka huta da faɗa. Yakan ce kalmar nan ɗan dako ce, duk abin da ka ɗora mata za ta ɗauka ba ta tambaye ka ba.

Tsayuwa ta cinye masa gwiwoyi. Da safe sai ya lallashe su tukuna kafin su yarda su sauko daga gado. An ba shi wata kujerar roba mai tsagaggiyar ƙafa da aka ɗaure da waya, amma wa zai zauna alhali kowane ɗan lokaci sai an tashi? Matarsa ta ce ko cikin barci yakan ce nes, kuma lokacin da yaransu suke ƙanana, in suka taru a bakin banɗaki da safe, shi yake tsayawa yana raba musu layi. Bai taɓa musu ba. Ya gaji da aikin, irin gajiyar da hutun ƙarshen mako ba ya taɓawa. Ya gaji da warin maganin goge ƙasa, da fankar da ke juyi tana kuka ba ta ba da iska, da mutanen da ke masa magana suna kallon inda ba nan yake ba. Ritaya ta kusa, ita ma ba ya ɗokinta.

Abu ɗaya yake da shi a duniya: bai taɓa tsallake kowa ba. A wani sashen wannan ba abin faɗa ba ne, don masu layi suna da idon da za su tsare layinsu. A nan kuwa yawancin masu zama a benci ba sa gani sosai, waɗanda suka kusa shiga kuma nas takan ɗiga musu magani ta ce su rufe ido har a kira su. 'Yan rakiya ba a barinsu a baranda saboda ƙunci, suna can gindin bishiya a tsakar asibiti. Ke nan layin gaba ɗaya ba shi da ido sai nasa. Mutum zai zauna idonsa a rufe, kunnensa a ƙofa, ya ji ta yi ƙara, ya ji an ce nes, ya ji wurin da ke gefensa ya zama fili, ya matsa. Da Baba Nes ya so, da ya shigar da rabin gari ta gaban hancinsu. An kuwa gwada shi. Masu muƙami sun zo, ma'aikatan asibiti sun kawo surukansu, wasu da murmushi, wasu da barazana. Amsarsa ba ta canzawa: "Benci yana can." An kai ƙararsa, an kira shi mai taurin kai, wataƙila ma wannan ne ya tsawaita masa nes yiya. Abokan shigarsa aiki sun gina gidaje, wasu sun sayi mota. Shi wannan ya tara, kuma in ya koma gida ya miƙe ƙafafu suna zogi, da shi yake rarrashin kansa.

To, sai ga ranar da yayarsa ta zo da ido ɗaya da ya rage mata.

Ita ta raine shi. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, ita kuwa ba ta gama zama budurwa ba. Ta goya shi, ta yaye shi, da ta yi aure ta tafi da shi gidan miji ba ta nemi izinin kowa ba. Ita ce ta rako shi ƙofar asibitin nan ranar da ya zo neman aikin shara. Har yau, da furfurarsa da jikokinsa, Auta take ce masa, kuma in ya je gaishe ta sai ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci, ta sa a kawo masa.

Idonta na hagu ya mutu shekarun baya. Hawan jinin ido ne ya cinye shi a hankali, ba ta gaya wa kowa ba sai da aikin gama ya gama. Yanzu na dama ya fara: ciwon kai, ido ja wur, in ta kalli fitila sai ta ga zobe ya kewaye ta. A ƙaramin asibitin garinsu aka ce kada ta yi wasa, ta ga babban likita cikin kwanakin nan, don irin wannan gani in ya tafi ba ya dawowa. Babban likitan kuwa ranar Laraba kaɗai yake zuwa, kuma wannan ce Larabarsa ta ƙarshe kafin ya tafi wani kwas na watanni. Labari ya bazu, shi ya sa tun kafin a buɗe get mutane suka cika wurin. Baba Nes ya ja wa 'yarta kunne a waya cewa su yi sammako. Sun yi. Mota ce ta lalace musu a hanya, ba su iso ba sai da rana ta take.

Ya hango su daga ƙarshen baranda, 'yar tana riƙe da hannun uwar.

"Kawu, wallahi mota ce ta..."

"Na sani. Zaunar da ita can, ke ki koma gindin bishiya."

Wurin da ya rage a benci yana can baya, bayan ginshiƙi na biyu. Yaya ta zauna tana laluben gefen bencin.

"Auta, ina ne nan?"

"Layi ne, Yaya."

"Da mutane da yawa?"

"Da dama."

"To je ka yi aikinka. Kada a ce na zo na ɗauke maka hankali."

Ya koma ƙofa. Ya ci gaba da kira, amma duk nes ɗin da ya faɗa sai idonsa ya tsallake kawunan mutane ya sauka a kanta. Ya san barandar nan fiye da ɗakinsa. Ya san wanda yake bayan ginshiƙi na biyu a irin wannan lokaci ba zai ga likita ba, ko da likitan hannu huɗu gare shi.

Bisa al'adar aikin, in rana ta karkata yakan leƙa ciki ya ji iya waɗanda za a iya dubawa, nas ta ɗiga musu magani, shi kuma ya sallami sauran. Wannan ne ɓangaren da ya fi tsana. Ya tsaya a tsakiyar baranda ya ce, "Jama'a, daga wannan ginshiƙi zuwa baya, ku yi haƙuri. Likita ba zai kai gare ku ba."

Wani ya ce, "Nes wik ke nan?"

"Yau ko shi babu. Sai likita ya dawo, za a sanar."

Suka tashi da gunaguni kaɗan, don yawancinsu sun saba. Yaya ma ta fara tattara mayafinta. Ya zo ya dafa kafaɗarta.

"Ke tsaya tukuna, rana ta yi zafi. Zo ki zauna a kujerata ki huta."

Ya kai ta kujerar roba, nesa kaɗan da ƙofa. Ya gaya wa kansa cewa kujera ba layi ba ce, kuma ba laifi mutum ya ba yayarsa wurin zama. Fatansa likita ya gama da wuri, a samu ɗan sarari a ƙarshe wanda ba na kowa ba.

Na ƙarshe cikin waɗanda aka ɗiga wa magani wani tela ne, sa'ansa ko ya ɗan girme shi. Zuwansa na uku ke nan, sau biyu layi yana yankewa a kansa. Ya fara da kasa zura zare a allura, yanzu layin ɗinkin ma ɓace masa yake yi, ga shi da keken ɗinkin nan yake ciyar da gida. Shi kaɗai yake zuwa, ba ɗan rakiya. Mutum ne mai surutu da haƙuri, abin da ba kasafai suke haɗuwa ba, kuma zaman benci ya sa sun saba.

Idonsa a rufe ya ce, "Baba Nes, yau fa har ƙamshin ƙofar nan nake ji."

"Allah ya sa."

"Amin. In na warke zan ɗinka maka riga. Kada ka yarda in ɗinka yanzu, hannu ɗaya zai fi ɗaya tsawo."

Benci ya yi ta raguwa. Da wanda ke gaban tela ya shiga, nas ta leƙo ta yafito Baba Nes. A hankali ta ce, "Baba, bayan wannan mutum ɗaya ne. Direban likita ya iso, kaya ma suna mota."

Tunda ya fara aiki bai taɓa roƙon likita komai ba, har bai san yadda ake farawa ba. Ya shiga, ya tsaya a bayan ƙofa har likita ya ɗago. Ba mugu ba ne likitan, yaro ne a kansa, tun safe ko ruwa bai sha ba.

"Likita, yayata ce a waje. Ido ɗaya ya rage mata, shi ma ya kama. Ta makara, ba ta cikin layi."

Likita ya dubi agogo, ya murza goshi. "Baba, jirgi ba zai jira ni ba. Mutum ɗaya zan iya, shi ma a tsaitsaye. Wanda ka shigo da shi, shi zan duba."

Da likita ya ce a shigo da ita, da umarni ne, ba ruwansa. Da ya ce a'a, da ƙaddara ce, sai a rungume ta. Sai ga shi likita ya mayar masa da ƙofarsa, zaɓi ya zama nasa.

Ya fito. Baranda ta yi fayau, daga tela sai Yaya. Tela ya riga ya matso ƙarshen benci, wurin da katako ya yi sulɓi saboda zama, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Yaya tana kan kujera, kanta a sunkuye, tafin hannunta a kan idon da ke ciwo. Baba Nes ya ce a ransa, ciwon tela ai ba zai wuce yanar ido ba, ita kuwa tana jira, ko bayan shekara a cire ta. Amma ya san shi ba likita ba ne, tsayuwa a ƙofa ba ta koya masa leƙa cikin ido ba. Ya yi tunanin ya roƙi telan. To in ya ce a'a fa? Mutumin da ya zo sau uku yana da ikon cewa a'a, kuma in ya faɗa, magana ta ƙare. A wannan lokacin tsoron wannan a'a ya fi ƙarfin tsoron Allah a zuciyarsa, kuma ya san haka.

Ƙofa ta yi ƙara, wanda ke ciki ya fito. Tela ya ɗago kai, ya gyara zama.

Baba Nes ya ce, "Ɗan jira kaɗan. Likita yana wanke hannu."

"Ba komai, ya wanke da kyau."

Ya je wurin Yaya ya durƙusa, ya zare mata takalma. Ya raɗa mata, "An goge ƙasa, da santsi. Taso." Ya kama hannunta, suka wuce ta gaban tela, har mayafinta ya kusa shafar gwiwarsa. Ƙofar nan in ka ɗan ɗaga ta sama kafin ka tura, ba ta kuka. Shi kaɗai ya san haka a duk asibitin, ya koya ne saboda jariran da ke barci a bayan iyayensu. Ya ɗaga, ya tura, suka shiga.

Likita ya haska idon, ya auna, fuskarsa ta canza. Nan take ya sa nas ta ɗiga wani magani, ta kawo ƙwayoyi, ya ce a ba ta gado yau, gobe abokin aikinsa zai yi mata ɗan ƙaramin aiki. Yana cusa kayansa a jaka ya ce, "Baba, da ta ƙara kwana biyu, da ba mu da abin yi. Yanzu kam ina sa rai." Ya fita ta ƙofar baya.

Baba Nes ya ji daɗi, daɗi na gaske, har idonsa ya kawo ruwa. Yaya za ta ci gaba da ganin jikokinta. Da za a mayar da shi baya, bai tabbata zai yi wani abu dabam ba, kuma wannan ne ya fi yi masa nauyi.

Suka fito. Tela yana nan yadda aka bar shi.

"Malam tela."

"Na'am. Na taso?"

"Likita ya tafi. Lokaci ya ƙure masa."

Tela ya buɗe ido yana ƙiftawa, hasken baranda ya sa ya sake runtsewa, ruwan magani yana bin kumatunsa.

"Ko nes wik babu, ko?"

"Babu. Sai ya dawo."

Ya yi 'yar dariya marar ƙarfi. "Ni da ƙofar nan dai, sai kallo. Kallon ma ba na yi." Ya goge fuska da hannun riga, ya dafa benci ya miƙe. "Ba komai. Ka san abin da nake gaya wa uwar yarana? Na ce mata asibitin nan ko ban shiga ba, da zuciya ɗaya nake dawowa, don mutumin da ke ƙofa ba ya tsallake kowa. In ban shiga ba, rabona ne bai zo ba. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa."

Ya miƙo hannu wajen da yake zaton Baba Nes yake. Baba Nes ya matsa ya kama. Ya ce, "Bari in raka ka bakin get, maganin bai sake ka ba."

"A'a, tun safe kake tsaye. Zauna ka huta, bango zai kai ni."

Ya tafi yana shafa bango da tafin hannu, a hankali, har ya sha kwana.

Yaya tana tsaye a bakin ƙofa ba takalmi. Ta ce, "Auta, ina takalmana?"

Ya ɗauko, ya durƙusa yana sa mata. Ta dafa kansa don kada ta faɗi, da ya gama kuma ba ta ɗauke hannun ba.

"Ban ji ka kira ni ba."

Ya kafa ido a kan takalman.

"Tun da na zo nake jin kana kiran mutane, ɗaya bayan ɗaya. Ni ban ji ka kira ni ba."

"Maƙogwaro ne ya bushe, Yaya."

"Ƙasar ma ba a goge ta ba. Ƙafata duk ƙura."

Bai ɗago ba. Ya jira faɗa, don ya san bakinta, amma faɗan bai zo ba. Ta ɗauke hannunta daga kansa, ta lalubi kujerar roba ta zauna.

"Mutumin nan ba ya gani, ga titi da motoci. Bi shi ka tsallakar da shi. Ni zan jira."

Ya same shi a bakin get, bango ya ƙare masa, yana tsaye ya kare ido da hannu yana sauraron motoci. Baba Nes ya kama gwiwar hannunsa.

"Wane ne?"

"Ni ne."

"Kai dai ba ka jin magana. Ai na ce ka huta."

Suka tsaya suna jiran hanya. Wata babbar mota ta wuce, wata ta bi bayanta, sannan titi ya yi sarari. Maganar abin da ya aikata tana nan a bakin Baba Nes, ya riga ya shirya ta tun daga baranda, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Tela ya jingino da nauyinsa duka a hannunsa, ya ɗaga ƙafa. Baba Nes ya buɗe baki.

Ya ce, "Taka a hankali, akwai rami a gabanka."